Sharhi: Tsibirin Tsuntsaye na Senegal tsakanin ƙwai, kifi da man fetur

A ranar 11 ga watan Yunin shekarar 2024 ne aka ba da sanarwar cewa ƙasar Senegal ta shiga sahun ƙasashen Afirka masu haƙar man fetur, bayan da kamfanin Woodside na ƙasar Ostireliya ya fara zuƙo ɗanyen mai daga rijiyoyin Sangomar da ke can cikin teku, kimanin kilomita 100 kudu da birnin Dakar. Katafaren jirgin ruwan da ke karɓar man yana adana shi, wanda aka raɗa wa sunan shugaban ƙasar na farko, Léopold Sédar Senghor, an ƙera shi ne yadda zai iya sarrafa ganga dubu 100 a kullum, kuma kamfanin mai na gwamnati, wato Petrosen, yana da kashi 18 cikin ɗari na hannun jari. Ko shakka babu wannan abin murna ne ga ƙasar da ta daɗe tana dogaro da gyaɗa da kifi da ma'adinin fosfat. Sai dai daura da waɗannan rijiyoyi, a inda kogin Salum ke zuba ruwansa cikin Tekun Atilantika, akwai wani ɗan tsibirin yashi da ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafin ganguna da daloli, alhali kuwa makomarsa na rataye ne a kan abin da zai faru a wannan teku. Sunansa da Faransanci Île aux Oiseaux, ma'ana Tsibirin Tsuntsaye.

Mai karatu da ke zaune a rumfarsa a Jibiya ko Illela, ko Birnin Ƙonni, ko Maigatari, ko Gaya, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da ke nesa da teku me ya haɗa mu da tsuntsayen Senegal? Amsar ita ce abubuwa biyu da muke saye da sayarwa kusan kullum, wato kifi da kaji, duk labarin wannan tsibiri ya taɓa su. Bugu da ƙari, tsibirin kansa a yankin kan iyaka yake kamar yadda kasuwanninmu suke, domin daga kudancin bakin Salum sai ƙasar Gambiya.

Bari mu fara da bayanin wurin. Bakin kogin Salum yanki ne na rassan ruwa da ƙananan tsibirai da dajin itatuwan nan masu tsirowa a cikin ruwan gishiri, waɗanda kifaye ke hayayyafa a ƙarƙashin saiwoyinsu. A shekarar 1976 gwamnatin Senegal ta keɓe hekta dubu 76 na yankin a matsayin gandun daji na ƙasa. A 1984 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda dausayin Haɗeja zuwa Nguru ma yake cikinta, sannan a 2011 hukumar UNESCO ta amince da shi a matsayin wurin tarihi na duniya. Tsibirin Tsuntsaye yana cikin wannan gandu, ta wajen bakin teku. Babu gari a kansa, babu gona, galibinsa yashi ne da 'yan ciyayi da itatuwa, kuma tashinsa daga ruwa kaɗan ne. A taƙaice dai hurumi ne, irin wanda magabatanmu ke warewa a bayan gari a ce kada kowa ya noma, kada kowa ya gina, illa dai wannan hurumin na tsuntsaye ne.

Daga wajen watan Maris zuwa Yuli tsuntsayen teku iri-iri ne ke taruwa a can su yi ƙwai. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wani farin tsuntsu mai dogon baki ruwan lemo da baƙin tukku a ƙeya, wanda Faransawa ke kira sterne royale, mu kuma za mu kira shi mai-tukku. Ƙidayar da aka yi a 1999 ta samu sheƙa kimanin dubu 40 na wannan tsuntsu a tsibirin, abin da ya sa masana suka ɗauke shi ɗaya daga cikin manyan wuraren hayayyafarsa a duniya. Daga baya kuma bincike ya nuna cewa mai-tukkun Afirka jinsi ne mai zaman kansa, dabam da ɗan'uwansa na nahiyar Amurka, kuma a gaɓar tekun Afirka ta Yamma yake hayayyafa, tsakanin Mauritaniya da Gini. Idan ya gama renon 'ya'yansa sai ya bi gaɓa, wasu su gangara har Ghana da Najeriya da Kamaru da Angola. Ke nan idan aka rasa 'yan tsirarun tsibiran da yake ƙwai a kansu, babu wata nahiya da za a je a samo madadinsa.

Domin a fahimci dalilin da ya sa ake tsananta tsaro a kan ɗan yashin da bai taka kara ya karya ba, sai an san yadda tsuntsun ke hayayyafa. Mai-tukku ba ya saƙa sheƙa a kan itace. Ɗan rami yake tonawa a yashi, macen ta sa ƙwai, galibi guda ɗaya tak, su yi ta kwanci da mijin bi da bi har kusan wata guda. Ramukan kuwa a cunkushe suke, kowane kusa da na maƙwabci kamar rumfunan kasuwa ranar cinta. Da zarar mutum ya sauka daga kwalekwale ya doshi wurin, sai dubban iyaye su tashi sama gaba ɗaya, ƙwai ya zauna a fili, rana ta dafa wasu, wasu tsuntsayen masu kwaɗayin ƙwai su fasa saura. Mutum ɗaya da ya je yawon kallo na rabin sa'a zai iya jawo asarar da ta fi abin da ɓarawon ƙwai zai cika kwando da shi.

Akwai kuma wani abu da ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. Wannan tsuntsu yana da tsawon rai, yakan haura shekara ashirin, kuma ba ya fara ƙwai sai ya yi shekaru uku zuwa huɗu ko fiye. Saboda haka ana iya kwashe ƙwai shekara da shekaru, tsibiri kuma ya ci gaba da cika maƙil da manyan tsuntsaye, har mai kallo ya ce ai ba abin da ya ragu. Sai ranar da tsofaffin suka fara ƙarewa, a duba a ga babu na baya. Wannan shi ne halin ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci, shagonsa a cike, amma duk kayan bashi ne, kuma ba ya farga sai ranar da masu kaya suka zo biya.

Shekaru da dama babbar barazanar da aka sani ita ce ɗibar ƙwai. Mutanen yankin, Serer Niominka da Mandinka, masunta ne tun kaka da kakanni, kuma ƙwan tsuntsun teku abinci ne da ake samu kyauta a lokacinsa. Da aka kafa gandun daji sai doka ta hana, amma jami'an gandu 'yan kaɗan ba za su iya gadin teku dare da rana ba. Abin da ya taimaka shi ne shigo da matasan ƙauyukan da ke kusa a matsayin masu gadi na sa-kai, suna sintiri tare da jami'an gwamnati a lokacin ƙwai, suna kuma taya masana ƙidayar sheƙa. Wanda zai ɗebi ƙwai ya fi jin nauyin ɗan ƙauyensu a kan baƙon soja mai kaki. Mu ma mun san haka, domin shamuwar da ke sheƙa a kan itatuwan garuruwanmu da damina ba ɗan sanda ke gadinta ba, iyaye ne suka tsoratar da yara tun suna ƙanana cewa ba a taɓa ta.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Tsuntsu a tsibiri yake kwana, abincinsa kuwa a teku yake. Ko da an zagaye tsibirin da masu gadi ɗari, idan iyaye suka fita suka dawo baki wayam, ɗan tsako zai mutu da yunwa a cikin hurumin da doka ta kare. Abincin mai-tukku ƙananan kifaye ne masu yawo garke-garke a saman ruwa, ciki har da wanda Wolof ke kira yaboy, wato kifin talaka a Senegal da Gambiya. Masana kan tattara kashin tsuntsayen su tace shi, su ciro wasu 'yan ƙasusuwa na kunnen kifi, da su suke gane irin kifin da aka ci da girmansa. Ta haka tsibirin ya zama tamkar ma'auni, idan kifi ya yi ƙaranci a teku, a wajen tsuntsaye ake fara gani.

Kifin kuwa ya yi ƙaranci. Masana da ke aiki a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha nanata cewa ana kamun yaboy fiye da kima a tekun da ya tashi daga Mauritaniya zuwa Senegal da Gambiya. Daɗin daɗawa, an kakkafa masana'antun da ke niƙa kifi su mayar da shi gari da mai, a fitar da su zuwa Turai da Asiya domin ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Irin waɗannan masana'antu sun fi yawa a Nouadhibou ta Mauritaniya, akwai su a Senegal, sannan a Gambiya an kafa su a Gunjur da Sanyang da Kartong. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi ake niƙawa kafin a samu kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce fiye da tan rabin miliyan na kifi ake kwashewa daga yankin kowace shekara domin wannan sana'a, adadin da a lissafinsu zai ciyar da mutum sama da miliyan 33.

A nan ne maganar ta iso rumfunanmu. Matan da ke banda kifi a Joal da Mbour, arewa da Salum, su ne ke cika buhunan da fatake ke lodawa zuwa Mali da Burkina Faso da Gini, kuma wani kaso na kifin ƙanƙara da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwan Abidjan da Tema da Legas daga wannan teku yake fitowa. Idan mai masana'anta ya tsaya a bakin ruwa da tsabar kuɗi ya saye kwalekwale sukutum, mai banda ba ta da abin da za ta sa a wuta, falke ya koma da mota rabi, farashi ya hau a kasuwannin da ba su taɓa ganin teku ba. Ke nan tsuntsu da mai banda da falke duk a akushi ɗaya suke ci. Gaskiya ne yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare a watan Nuwamban 2024 ba tare da an sabunta ta a lokacin ba, kuma masunta da dama sun yi murna, sai dai waccan yarjejeniya ta fi shafar manyan kifaye irin su tuna. Maganar yaboy tana hannun gwamnatocin yankin ne, su ke ba da lasisin jirage, su ke ba da izinin kafa masana'antu.

Sai batun man fetur da muka buɗe da shi. Ba mu cewa Senegal ta bar arzikinta a ƙarƙashin teku saboda tsuntsu, wannan magana ce da ba mai saurarenta. Abin da muke cewa shi ne, tsuntsun da ke nutso a ruwa domin kama kifi, da zarar mai ya taɓa gashinsa ya gama yawo, ga shi kuma kusan dukkan iyayen suna taruwa ne a wuri guda a cikin 'yan watanni. Malalar mai guda ɗaya a watan Mayu za ta iya yin ɓarnar da masu ɗibar ƙwai ba su yi ba a shekaru masu yawa. Masu karatunmu na Najeriya ba sa buƙatar dogon bayani. A watan Disambar 2011 ganga kimanin dubu 40 ta malale a rijiyar Bonga da ke can cikin teku, kuma a wannan shekarar ce Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A watan Fabrairun 2025 ma an samu yoyon iskar gas a wata rijiya da ke kan iyakar tekun Senegal da Mauritaniya. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita kanta teku ba ta bar tsibirin ya huta ba. A 1987 wata guguwa ta yanke dogon zirin yashin Sangomar wanda ke tare igiyar ruwa daga bakin Salum, kuma tun daga lokacin ɓarakar sai faɗi take yi. Tsibiran yashi na yankin suna zaizayewa ta wani gefe, suna taruwa ta wani, kuma idan ruwa ya yi babbar cika yakan share ƙwai da 'yan tsaki. Shi ya sa tsuntsayen ba sa riƙe wuri ɗaya, wata shekara su fi yawa a Salum, wata shekara wasu su koma tsibiran Bijol na Gambiya, ko Langue de Barbarie da ke arewacin Senegal, ko Banc d'Arguin na Mauritaniya, ko tsibiran Bijagos na Gini Bisau. Tsuntsu ba ya tsayawa a shingen kwastan. Senegal da Gambiya sun gane haka, shi ya sa a 2008 suka haɗa gandun Salum da na Niumi a matsayin dausayi ɗaya mai ratsa iyaka. Ƙasa ɗaya ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba.

Barazana ta ƙarshe ita ce wadda 'yan kasuwar kan iyaka suka ɗanɗana da kansu, wato murar tsuntsaye. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairun 2006 ne aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, a watan Maris kuma a Marwa ta Kamaru. An kashe kaji, an hana ketare iyaka da su, masu kaji da ƙwai sun tafka asara. Wannan cuta ba ta tafi ba. A watan Janairun 2021 ta kashe tsuntsayen kwasakwasa kimanin 750 a gandun Djoudj na arewacin Senegal, a 2023 kuma ta kashe dubban tsuntsayen teku a gaɓar Senegal da Gambiya, ciki har da mai-tukku. Wurin da dubban tsuntsaye ke kwance kafaɗa da kafaɗa wuri ne da cuta ke bazuwa kamar wutar daji. Duk wanda ya shiga ya ɗebo ƙwai ko mushen tsuntsu ya kai gari, yana iya kai cutar cikin akurkin kaji, daga akurki kuma sai kasuwa. Masu gadin da ke zaune kusa da tsibiri su ne za su fara ganin mushe su kai rahoto, saboda haka albashinsu rigakafi ne ga mai kaji ma.

Abin tambaya a nan shi ne, wa zai biya, kuma me talakan yankin zai samu? Masuncin da ya kwana a teku ya dawo da koma babu komai, ga iyali na jira, ba allon gargaɗi ne zai hana shi ɗibar ƙwai ba. Da yawa daga cikin matasan gaɓar Senegal ma sun juya kwalekwalensu zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, wasu sun isa, wasu teku ta cinye su. A cikin Salum ɗin kanta akwai misalin da ya nuna mafita. A 2003 ƙauyuka 14 tare da ƙungiyar Oceanium, wadda Haidar El Ali ya jagoranta kafin ya zama ministan muhalli a 2012, suka rufe reshen ruwan Bamboung suka hana kamun kifi a cikinsa, gwamnati kuma ta tabbatar da hakan da doka a 2004. An gina masaukin baƙi, kuɗin da ke shigowa ana biyan masu gadi da wani kaso, wani kuma ya tafi ga al'umma. Masana da suka bi diddigin wurin sun ga manyan kifaye sun dawo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen wanda ya san Matan Fada a Argungu, inda ake hana su a ruwan sai lokacin biki ya zo.

A ganinmu abubuwan da suka kamata a bayyane suke. Gwamnatin Shugaba Bassirou Diomaye Faye, wanda ya hau mulki a watan Afrilun 2024 da alƙawarin sake duba yarjejeniyoyin mai da na kifi, ya dace ta ware wani kaso sananne daga kuɗin Sangomar domin gandun Salum, ta yadda masu gadi za su samu albashi da kwalekwale da mai, maimakon jiran tallafin ƙungiyoyin waje wanda ke zuwa yau gobe ya yanke. Ya dace a tanadi kayan tare malalar mai a kusa da bakin kogin, a kuma horar da masunta yadda ake amfani da su tun kafin ranar buƙata. Ya dace Senegal da Gambiya da Mauritaniya su zauna su yanke adadin yaboy da za a kama a shekara, su kuma fifita bakin mutum a kan injin niƙa, domin garken kifin ɗaya ne yake yawo tsakaninsu. Sannan masu kai 'yan yawon buɗe ido su tsaya a cikin kwalekwale daga nesa a watannin ƙwai.

Mu kuma namu bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin masu kifi da na masu kaji a kasuwanninmu suna da murya, kuma ya kamata su riƙa bibiyar abin da ke faruwa a inda kayansu ke fitowa. Kada mu sayi tsuntsun daji ko ƙwansa daga hannun wanda ba mu san inda ya samo ba, kada mu haɗa su keji ɗaya da kaji, kuma idan kaji suka fara mutuwa ba dalili a sanar da malaman dabbobi maimakon a yi saurin karya farashi a rabu da su. Masu kawo kifi daga dausayin Nguru da Tafkin Chadi su ma sun san yadda girman kifi ke raguwa idan aka yi ta kamu da koma mai ƙananan idanu ba hutu.

Tsibirin Tsuntsaye ɗan yashi ne wanda yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba. Amma duk shekarar da aka ƙidaya sheƙa aka ga sun cika, alama ce cewa da sauran kifi a tekun da ke ciyar da miliyoyin mutanen yankinmu, duk shekarar da suka ragu kuma gargaɗi ne da ya kamata hukumomi da 'yan kasuwa su ji tun da wuri. Man Sangomar yana da ranar ƙarewa, kamar kowace rijiya. Kifi da tsuntsu kuwa suna sabunta kansu muddin an bar musu uwar kuɗi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gane bambancin.